August Wöhler: Bajamushen da ya nuna cewa ƙarfe ma yana gajiya

Samu ɗan guntun waya na ƙarfe ka lanƙwasa shi sau ɗaya. Ba abin da zai same shi. Ci gaba da lanƙwasa shi gaba da baya, kafin ka ankara ya katse. Kai ba ƙarfi ka ƙara ba, maimaici ne ya kashe shi. Injiniyoyi na kiran wannan gajiyar ƙarfe, kuma wanda ya fara auna ta da tsari shi ne August Wöhler.

An haife shi a 1819 a garin Soltau na ƙasar Jamus, ɗan malamin makaranta. Lissafi ya karɓe shi, har ya samu tallafin karatu a Hannover. Ya yi aiki a masana'antar Borsig mai ƙera kan jirgin ƙasa a Berlin, ya je Beljiyam ya koyi tuƙin jirgin da kansa. A 1847 aka ba shi kula da jirage da taragu na wani layin dogo a Frankfurt ta bakin kogin Oder.

A zamanin akwai matsalar da ta addabi kowa. Sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun jirgi sai ta karye haka kawai, ba a yi mata lodin da ya wuce kima ba. A 1842 irin wannan karyewa ta kifar da jirgin da ya taso daga Versailles zuwa Faris, wuta ta tashi, mutum fiye da 50 suka mutu. Wasu masana suna ta cewa wai ƙarfen ne ke rikiɗa daga ciki ya yi gautsi.

Shi Wöhler bai tsaya hasashe ba. Ya ɗaura na'ura a jikin sandunan jirage yana auna nauyin da suke sha a kan hanya. Sannan ya ƙera inji mai juya sanda tana ɗauke da kaya, ana ƙirga juyin har ta karye. Wata sai ta yi miliyoyin juyi. Ka duba haƙurin fa, shekaru sama da goma yana wannan aiki, ba kwamfuta.

Abin da ya fito fili: ƙaramin nauyi da ake maimaitawa yana iya karya abin da babban nauyi sau ɗaya bai karya ba. Yawan tazarar da ke tsakanin matsi da saki ita ce ke yanke hukunci. Idan kuma aka rage ta zuwa wani mataki, sandar na iya ci gaba da juyi ba ta karye ba. Ya kuma nuna cewa kusurwa mai kaifi a jikin sanda tana rage mata kwana sosai.

An baje aikinsa a babban bikin baje koli na Faris a 1867, ya tattara sakamakon a 1870. Abin dariya, zanen da ake kira da sunansa a yau, wanda ɗaliban injiniya ke haddacewa, ba shi ya zana ba. Shi jadawalin lambobi ya bari, na baya suka mayar da shi zane.

Da irin wannan zane ake ƙiyasta kwanan gada ko ƙafar mota tun ba a ƙera su ba. Alminiyon jirgin sama kuwa ba shi da wancan mataki na tsira, shi ya sa ake ƙirga tashi da saukar kowane jirgi.

Wöhler ya yi ritaya a 1889 bayan ya riƙe babban muƙami a hukumar jiragen ƙasa a Strasbourg. Ya rasu a Hannover a 1914, yana da shekara 94.