John Boyd Dunlop: Likitan dabbobin da ya hura wa tayar keke iska

Kekunan da ke keta rairayi tsakanin Dutse da kasuwar Shuwarin suna tafiya ne a kan dabarar wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, wanda aka haifa a Dreghorn ta ƙasar Sikotland a 1840, ya kuma yi aikinsa a Belfast.

A zamaninsa tayar keke siririyar roba ce daskararriya, mai girgiza mahayi har ƙashi. A 1887 ya yi wa keken ɗansa taya mai iska, ya yi mata rajista a 1888. Sai dai ta yi kauri, ba ta shiga tsakanin ƙarafan da ke riƙe ƙafafun kekunan lokacin, har sai da wani maƙerin keke mai suna Edlin ya ƙera masu wadatar fili. An sha yi mata ba'a kafin Willie Hume ya lashe tsere da ita a Belfast a 1889. Wannan faɗin da aka raina shi ne yau ke hana ƙafa nutsewa a yashi.

A 1890 aka gano Robert Thomson ya riga shi tun 1845, rajistarsa ta rushe. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya bunƙasa, shi kuwa bai yi wani arziki ba har ya rasu a Dublin a 1921.

Afirka ce ta ɗanɗana kuɗarta. Da kasuwar roba ta buɗe, jami'an Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam suka tilasta wa mutanen Kwango tatso ta, da bulala da kisa da yanke hannu.