Rudolf Diesel: Mutumin da sunansa ya zama sunan inji

Sau da yawa, buhun shinkafa ko bandir ɗin atamfa da ya iso kasuwannin Garwa, Bibemi da Adumri daga ƙasashen waje, jirgin ruwa ne ya sauke shi a tasha irin ta Duwala, jirgin ƙasa ya kawo shi Ngaundere, sannan manyan motoci suka ƙaraso da shi. Dukkansu da inji iri ɗaya suke tafiya, wato injin dizal, wanda muke zuba wa man gas ko gazuwal. To amma mu nawa ne muka san cewa dizal sunan mutum ne?

An haifi Rudolf Diesel a birnin Paris ranar 18 ga Maris 1858. Iyayensa Jamusawa ne 'yan ci-rani, kuma mahaifinsa baduku ne mai ƙaramin ƙarfi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamus a 1870, sai aka kori iyalin suka koma Landan. Daga can aka tura yaron, yana ɗan shekara 12, wurin 'yan'uwa a garin Augsburg na Jamus domin ya yi karatu. A 1880 ya kammala karatun injiniya a Munich da sakamako mafi daraja, ya kama aiki a masana'antar ƙanƙara ta malaminsa, Carl von Linde, a Paris.

Abin da ya dame shi shi ne ɓarna. Injin tururi na wancan zamani, in ya ci gawayi kashi goma, kusan kashi ɗaya ne kawai ke zama aiki, saura ya tafi a hayaƙi da zafi. Dabararsa ita ce a matse iska cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa mai, ya kama da kansa. Shi ya sa har yau injin dizal ba ya da fulogi irin na injin fetur. Ya sami takardar mallakar fasahar a 1893, masana'antar injuna ta Augsburg, wadda daga baya ta zama MAN, da kamfanin Krupp suka ɗauki nauyin gwaji. Bayan shekara huɗu ana gyara ana sakewa, a Fabrairun 1897 injin ya mai da kashi 26 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki.

Kuɗi suka shigo, har wani attajirin Amurka, Adolphus Busch, ya biya mak miliyan ɗaya don samun izinin ƙera injin. Sai dai an yi gaggawar kai kaya kasuwa. Wasu injunan farko suka riƙa lalacewa a hannun waɗanda suka saya, aka dawo da su, lamarin da ya taɓa sunansa da lafiyarsa. Kowane ɗan kasuwa ya san ɗacin a dawo masa da kaya.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye ya faru a baje-kolin Paris na 1900, inda aka tayar da injin dizal da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, saboda tana hangen gyaɗar da ake nomawa a ƙasashen Afirka da ta mallaka.

A kan ruwa ne injin ya fi nuna kansa. A 1903 aka sa shi a jirgin dakon mai na Rasha mai suna Vandal, jirgin kogi kamar waɗanda suka riƙa hawo Binuwai zuwa tashar Garwa da damina suna kwasar auduga da gyaɗa. A 1912 kuwa kamfanin Burmeister & Wain na Denmark ya ƙera Selandia, babban jirgin teku da ya tashi daga Turai har Bangkok ba tare da gawayi ba. A 2006 jirgin Emma Maersk ya fara aiki da inji mai silinda 14 da ƙarfin doki sama da 100,000.

Irin wannan inji yana kwana da kwanaki bai tsaya ba, kuma a tsakiyar teku babu garejin da za a ja shi. Saboda haka injiniyoyin jirgi ba sa jiran lalacewa. Suna rubuta awowin da inji ya yi, su tace mai don raba shi da ruwa da datti, su duba baƙin mai da ruwan sanyaya, su ciro nozul su gwada feshinsa, su auna fistin da ringi, su canja abin da lokacinsa ya yi ko da bai mutu ba. Injin niƙa, janareto da injin ban-ruwa da muke da su ƙannen wancan ne. Ƙurar hunturu na toshe filta, man jarka da aka gauraya da ruwa ko kananzir yana cinye famfo da nozul, kuma kuɗin baƙin mai da muka ƙi kashewa yau, shi ne kuɗin sabon inji gobe.

Ƙarshen Diesel abin tausayi ne. Ranar 29 ga Satumba 1913 ya hau jirgin Dresden daga Antwerp zuwa Ingila. Da gari ya waye ba a same shi a ɗakinsa ba, gadonsa ma ba a kwanta a kai ba. Bayan kwana 10 wasu matuƙa suka ga gawa a teku, suka ɗauki 'yan kayan aljihunta, ɗansa Eugen ya tabbatar na mahaifinsa ne. Yana da shekara 55. Ya bar wa matarsa Martha jaka mai ɗauke da mak 20,000 da takardun da suka nuna dukiyarsa ta ƙare, bayan ya zuba ta a harkokin da ba su yi riba ba.

Mutumin da ya kashe ƙuruciyarsa yana yaƙi da ɓarnar mai bai iya tare ɓarnar aljihunsa ba. Mu da muke cin abinci da injinsa, ya kamata mu riƙe littafi biyu: na awowin inji da na shige da ficen kuɗi. Allah ya kiyaye mana jari.