Marigayi Murtala da Haɗin Kan Afirka

An haifi Janar Murtala Muhammed a Kano a 1938. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa, ya shiga soja, ya zama shugaban ƙasa a Yulin 1975.

A Janairun 1976, muna ban-ruwan alkama a Kura, na ji a rediyo ya tsaya gaban taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa, ya goyi bayan MPLA ta Angola, ya ƙi bin Amurka. Taron ya rabu biyu, amma a Fabrairu Angola ta shiga ƙungiyar. Ran 13 ga watan aka kashe shi a Legas.

Ƙasashe 32 suka kafa ƙungiyar a 1963. Ta zama Tarayyar Afirka a 2002, yanzu ƙasashenta 55. Allah Ya jiƙansa, amin.