Timote na Milet, makaɗin da ya ƙara wa kitara tsirkiya

An haifi Timote wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a Milet, birnin Girkawa da kufansa ke kusa da gaɓar tekun Turkiyya ta yau. Sana'arsa waƙa da kiɗan kitara, wato akwatin katako mai hannuwa biyu a tsaye da sanda a gicciye, an ɗaura tsirkiyoyin hanjin dabba daga sandar zuwa gindin akwatin. Yara ƴan makaranta suna koyon ƙaramarta, lira, wadda ake yi da ƙoƙon kunkuru. Kitara kuwa ta gwanaye ce masu shiga gasa a bainar jama'a, kuma daga sunanta ne kalmar gita ta samo asali.

Tun kaka da kakanni tsirkiya bakwai aka san kitara da ita. Timote ya kai tasa goma sha ɗaya, domin ya samu damar sauya sauti a tsakiyar waƙa yadda ya ga dama. Da farko mutanen Atina sun yi masa ihu, har sai da Uripides, shahararren marubucin wasan kwaikwayo, ya ƙarfafa masa guiwa. Daga baya ya kayar da Firinis, babban makaɗin zamanin, sunansa ya fita.

A Sparta ne ya gamu da gamonsa. Mahukuntan birnin suna ganin taɓa kiɗan gado taɓa tarbiyyar matasa ne. Marubutan da sun ruwaito cewa an ƙwace masa kitarar aka rataye ta a zauren taron jama'a, saboda tsirkiya huɗun da ya ƙara. Hukuncin ya yi tsauri, amma ya nuna irin nauyin da kiɗa yake da shi a wurinsu.

Ya rasu wajen shekara ta 360, yana da kimanin shekaru 90. Sautin kiɗansa ya ɓace ɗungurungum, waƙoƙinsa ma guntaye suka rage. Sai a 1902 masu tonon kayan tarihi na Jamus suka gano wata takardar papirus a wani kabari a Abusir, ƙasar Masar, ɗauke da babban ɓangare na waƙarsa kan yaƙin Salamis, inda Girkawa suka fatattaki jiragen ruwan Farisa. A ƙarshen waƙar yana kare kansa daga zargin mutanen Sparta. Takardar tana Berlin yanzu, tana cikin littattafan Girkanci mafi tsufa da suka iso hannunmu.