Bilez Faskal: Gwanin Lissafi, Bawan Almasihu

Yaranmu da ke sakandare sukan ga sunan Pascal a darasin lissafi da kimiyya, amma kaɗan ne suka san cewa mai sunan nan mai bi ne.

An haifi Bilez Faskal a garin Kilamon na ƙasar Faransa ran 19 ga Yuni, 1623. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa ya ɗauki nauyin koyar da shi a gida. Uban ya ɓoye masa littattafan lissafi don ya fara ƙwarewa a harsuna tukuna. Amma yayarsa ta ba da labari cewa yana shekara 12 aka tarar da shi yana zane da gawayi a daɓe, har ya gano da kansa cewa kusurwoyi uku na kowace alwatika in an haɗa su daidai suke da digiri 180. Daga ranar uban ya sakar masa littattafan.

A 1642, ganin yadda mahaifinsa ke shan wahalar lissafin haraji, ya soma ƙera na'ura mai tarawa da ɗebewa. A 1648 ya sa mijin yayarsa ya hau dutse da bututun zaiba. Da aka yi sama zaibar ta sauka, aka tabbatar iska tana da nauyi, kuma nauyin yana raguwa a tudu. Shi ne kuma ya bayyana cewa in an danna ruwan da ke kulle cikin mazubi, dannin yakan bazu ko'ina daidai wa daida. A kan wannan ƙa'ida birkin mota da jak na mai suke aiki har yau.

Daren 23 ga Nuwamba, 1654, ya sadu da Ubangiji cikin addu'a. Ya rubuta abin da ya same shi a 'yar takarda, ya ɗinke ta cikin rigarsa, ba a gan ta ba sai bayan mutuwarsa. Daga nan ya duƙufa kan Littafi Mai Tsarki da taimakon matalauta, ga ciwo yana cinsa. Ya saukar da wani matalauci da iyalinsa a gidansa. Da agana ta kama ɗansu, bai kore su ba, shi ne ya bar masu gidan ya koma wurin yayarsa. Can ya rasu ran 19 ga Agusta, 1662, yana shekara 39.

Iyaye, in kun ga yaro yana son lissafi, kada ku danne shi ko ku ji tsoro zai rabu da bangaskiya. Baiwa ce daga Allah. Ku saya masa littafi, ku kuma koya masa yi wa maƙwabci hidima da ita. Ubangiji ya taimake mu, amin.