Faransis na Asisi: Ɗan Attajirin da Ya Koma Bakin Komin Dabbobi

An haifi Faransis a garin Asisi na ƙasar Italiya a shekara ta 1181 ko 1182. Mahaifinsa, Pietro Bernardone, attajiri ne mai fataucin yadi tsakanin Italiya da Faransa. Yohanna ne sunan da aka ba yaron wajen baftisma, amma uban ya riƙa kiransa Faransis, wato Bafaranshe, har sunan ya bi shi. Ya tashi cikin wadata, yana son ado da waƙa da tara abokai a ci a sha, burinsa kuwa ya zama jarumi. A shekara ta 1202 ya fita yaƙi tsakanin Asisi da Perugia, aka kama shi, ya yi kusan shekara guda a kurkuku, ya dawo gida da ciwo. Tun daga nan abubuwan da yake murna da su suka soma fita masa a rai.

Tubarsa ba ta zo dare ɗaya ba. Shi kansa ya shaida daga baya cewa ba abin da yake ƙyama kamar ganin kutare, sai Ubangiji ya kai shi tsakiyarsu ya yi musu hidima. Da ya ga majami'ar San Damiano tana rushewa, ya kwashi yadin mahaifinsa ya sayar domin gyaranta. Niyyar tana da kyau, amma kayan ba nasa ba ne, uban kuwa yana da dalilin yin fushi. Da aka kai ƙara gaban bishop na Asisi a wajen shekara ta 1206, Faransis ya mayar da kuɗin, ya tuɓe har tufafin jikinsa ya ajiye a gaban mahaifinsa, ya bar gādonsa. Bishop ne ya rufe shi da mayafinsa.

Waɗansu suka bi shi. A wajen 1209 suka je Roma, Paparoma Innocent na uku ya amince da tafarkinsu, suka kira kansu Ƙananan 'Yan'uwa. A 1219, ana tsakiyar yaƙi a Masar, ya ƙetare zuwa sansanin Sarki al-Kamil ba makami, ya yi shaidar Almasihu, aka sallame shi lafiya.

Tushen wannan rayuwa duka ya bayyana a Kirsimetin shekara ta 1223, a ƙauyen Greccio da ke kan tsauni. Kwana 15 kafin idin, Faransis ya roƙi wani abokinsa mai suna Yohanna ya shirya masa komi da ciyawa, da sa da jaki, cikin wani kogo. So yake ya gani da idonsa irin rashin da Mai Ceto ya tarar a Baitalami. Luka 2:7 ya ambaci komi da zanen goyo da rashin wuri a masauki, bai ambaci dabbobin ba. Tun dā Ikkilisiya ta ɗauko su daga Ishaya 1:3. Mutanen karkara suka zo da dare da kyandirori da fitilu, aka yi Jibin Ubangiji a bisa komin. Faransis, wanda dikon ne bai taɓa zama firist ba, ya rera karatun Bishara, ya yi wa'azi a kan Sarkin da aka haifa matalauci. Toma na Celano, wanda ya rubuta tarihinsa bayan 'yan shekaru, bai ambaci wata siffa da aka sa a komin ba, ciyawa ce kawai.

Manoman Greccio sun san warin garke sarai, amma a majami'a sun saba ganin Almasihu a kan kursiyi. A daren nan suka gane cewa Ɗan Allah ya zaɓi irin makwancinsu, bai kuwa ji kunya ba, daidai da koyarwar Bulus a 2 Korintiyawa 8:9, cewa Mawadaci ya talauce domin ya arzuta mutane. Iyalin da Kirsimeti ya same su ba sabon ɗinki ba shinkafa, har suna nauyin shiga sujada, da su aka fara wannan idi, gama makiyaya ne suka riga kowa jin albishir. Mai hali kuma ba a kore shi ba: Yohanna da ya shirya kogon mai dukiya ne.

Shekarun Faransis na ƙarshe na wahala ne. Ciwon ido ya kusa makantar da shi, ƙungiyarsa ta yi girma har gardama ta tashi a kan ko za a iya riƙe talaucin nan yadda ya so. Da ajali ya matso, ya roƙi 'yan'uwa su kwantar da shi a ƙasa ba tufa. Ya rasu da yammacin 3 ga Oktoba, 1226, kusa da Asisi, yana da shekara kamar 44, rigar da ke jikinsa ta aro ce.