William Carey, Badukun Da Ya Gina Kwaleji

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito, na kan ga samarin ekklesiya sun rabu biyu. Waɗanda suka ci suna tafiya kamar ƙasa ba ta ɗauke su ba. Waɗanda suka faɗi kuwa, wasu har sujada su kan daina zuwa don kunya, iyayensu ma suna magana kamar an yi musu rasuwa. Domin waɗannan duka biyu, da iyayensu, na zaɓi labarin wannan wata. Labarin wani mutumin Ingila ne wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara 12, ya gwada sana'a iri iri, wasu suka karɓe shi, wasu suka ƙi shi.

An haifi William Carey ran 17 ga Agusta, 1761, a wani ƙauye mai suna Paulerspury. Ubansa masaƙi ne, daga baya aka ba shi riƙon makarantar ƙauyen. A nan yaron ya koyi karatu da rubutu da ɗan lissafi, iyakar makarantarsa ke nan har ya mutu. Abin da zuciyarsa ta ke so tun yana ƙarami shi ne shuke-shuke. Ɗan'uwan ubansa, Peter, tsohon soja ne wanda ya dawo gida ya zama mai aikin lambu, yaron kuwa ya manne masa. Ɗakinsa cike ya ke da tsuntsaye da ƙwari da ganyaye da ya tsinto daga daji. Da an tambaye shi me zai zama, ba shakka lambu zai ambata.

Amma yana da wata cuta ta fata, rana ta kan sa fuskarsa da hannuwansa su yi ƙuna har ya kasa barci. Ya jure aikin gona kamar shekara biyu, abin ya gagara. Sai ubansa ya kai shi wurin wani baduku mai ɗinkin takalma, Clarke Nichols, a ƙauyen Piddington, domin ya sami sana'ar da a ke yi a inuwa. Burinsa na fari ke nan ya tafi, ba kuwa laifinsa ba ne.

A rumfar nan akwai wani ɗan koyo, John Warr, mai-bi ne na gaske. Kullum suna gardama a kan addini, Carey ya fi shi baki, amma Warr ya fi shi haƙuri, yana ta ba shi aron littattafai. Abin da gardama ta kasa yi, sule ɗaya ya yi. Wata Kirsimati wani ɗan kasuwa ya yi wa Carey kyautar sule, ashe jabu ne. Ya musanya shi da sule mai kyau na maigidansa, ya shirya ƙarya, har a kan hanya yana roƙon Allah ya rufa masa asiri wannan karo kaɗai. Asiri bai rufu ba. Kunyar da ya sha ita ce ta fara nuna masa irin zuciyar da ke cikinsa. Ba da daɗewa ba ya ba da kansa ga Yesu Kristi, aka yi masa baptisma a kogin Nene ran 5 ga Oktoba, 1783.

Kafin wannan ya riga ya yi aure. A 1781 ya auri Dorothy Plackett, wadda ba ta iya karatu ba. Talauci ya zauna musu a gida. Zazzaɓi ya ɗauke 'yarsu ta fari, shi ma ya kwantar da Carey har gashin kansa ya zube, ya zama mai sanƙo tun yana saurayi. Maigidansa na biyu ya rasu, nauyin rumfar da na gwauruwar da marayunta ya faɗo a kansa.

To, a cikin wannan hali ne ya ke karatu, nan kuma na ke so samari su tsaya su duba da kyau. Ya ga wasu baƙaƙe da bai sani ba cikin wani littafin fassarar Sabon Alkawali, ya kwafe su, ya kai wa wani masaƙi a ƙauyensu wanda ya taɓa yin makaranta mai zurfi. Masaƙin ya ce masa Helenanci ne, ya fara koya masa. Daga nan Carey ya bi Latin, da Ibrananci, da Faransanci, da harshen mutanen Holan. Littafi a buɗe a gabansa, basilla a hannunsa. Wanda duk ya taɓa zama a rumfar dukawa ya san hannu na iya aiki baki yana hira. Shi lokacin hirar ne ya mayar na karatu.

A 1785 ya koma garin Moulton ya buɗe makarantar yara, yana kuma yi wa wata ƙaramar ekklesiyar Baptist wa'azi. Malantar ba ta yi kyau ba. Bai iya tsawata wa yara ba, da tsohon malamin garin ya dawo sai yara suka gudu wurinsa. Wa'azin ma da fari haka. Ekklesiyar Olney ta saurare shi a wannan shekara, ta ga bai isa a aike shi ba tukuna, sai da ya jira shekara guda. A 1787 aka naɗa shi pasto. Abin da ekklesiya ke ba shi bai isa ci ba, ya koma ga takalma, yana ɗaukar su a jaka da ƙafa zuwa Kettering wurin wani attajiri, Thomas Gotch. Wannan dattijo ya lura da shi, ya tambayi abin da ya ke samu daga ɗinki, sa'an nan ya ɗauki alkawarin ba shi sule 10 kowane mako domin ya ajiye basilla ya yi karatu. Ina ma a ce kowace ekklesiya tana da dattijo ɗaya mai irin wannan ido.

Makarantar da ta lalace ma ba ta tafi a banza ba. Domin koya wa yara labarin ƙasa ya ɗinka ƙwallon duniya da guntayen fata, ya manna babbar taswira a bango. Yana karanta labarin tafiye-tafiyen Kyaftin Cook cikin teku, kowace ƙasa ya ji labarinta sai ya rubuta yawan mutanenta da addininsu a kan taswirar. Yana cikin wannan ƙidaya nauyin waɗanda ba su ji Bishara ba ya kama shi. Pastoci da yawa na zamanin suna ganin umurnin Ubangiji na Matta 28 manzanni kaɗai ya shafa. Carey ya rubuta ɗan littafi a 1792 yana nuna ba haka ba ne, ya yi wa'azi a taron pastoci a Nottingham daga Ishaya 54:2-3. Ran 2 ga Oktoba na shekarar suka kafa ƙungiyar mishan ta Baptist a Kettering. Kuɗin da aka yi alkawari ran nan fam 13 ne da sule 2 da sisi.

A watan Yuni 1793 ya shiga jirgin ruwa na mutanen Danmak tare da wani likita, John Thomas, suka yi wata biyar kafin su sauka Kalkata a ƙasar Indiya. Dorothy da fari ta ƙi zuwa, tana da jariri a hannu. Sai da aka lallashe ta, ƙanuwarta ta yarda ta raka ta. Kamfanin Turawan da ke mulkin wurin ba ya son 'yan mishan. Thomas kuma ba shi da riƙon kuɗi, guzurin shekara ya ƙare cikin 'yan watanni. Carey ya kwashi iyali zuwa wani daji mai fadama da damisa, ya fara sassabe domin su ci.

Sa'an nan wata sana'a ta sake zuwa. A 1794 wani Bature mai-bi, George Udny, ya ba shi shugabancin wata ma'aikatar shuni a Mudnabati. Baba dai irin wanda marinanmu suka sani, amma can a kan jiƙa ganyen cikin manyan kwarmi, a yi ta bugun ruwan har shunin ya kwanta, a tafasa, a matse shi curi-curi a kai Turai. Aikin mai zafi na 'yan watanni ne a shekara. Sauran lokaci Carey ya ba harshen Bengali, ma'aikatansa kuwa su ne malamansa na yau da kullum. Wasu a Ingila suka yi gunaguni, wai ɗan mishan ya zama ɗan kasuwa. Da sun tuna da Bulus da tantinsa, da ba su yi ba.

A nan ne baƙin ciki mafi girma ya same su. Ɗansu Peter, mai shekara biyar, ya mutu da atuni. Da ƙyar aka sami masu haƙa kabari, Musulmi huɗu ne suka yi, mutanen ƙauyensu kuma suka ƙaurace musu saboda haka. Hankalin Dorothy ya taɓu, bai kuwa dawo ba har ta rasu a 1807. Masu ba da labarin Carey su kan wuce nan da sauri, wasu har suna zarginta. Ni ban ga laifinta ba. Ba ita aka kira ba, amma ita ta biya. Mutumin da ya koyi harsuna da yawa, ya kan zauna da fassara matarsa tana kuka a ɗakin da ke kusa, 'ya'yansa maza kuma suka taso ba kwaɓa, sai da abokan aikinsa suka ɗauki renonsu. Mu da mu ke aikin Ubangiji muna da gidaje, kada mu karanta wannan mu yi kamar ba mu gani ba.

Ambaliya ta kashe ma'aikatar shunin. A Janairu 1800 Carey ya koma Serampore, wani ɗan gari a bakin kogin Hugli da ke hannun Danmak, inda Kamfani ba shi da iko. Can ya haɗu da William Ward, mai buga littattafai wanda ya taɓa aikin jarida, da Joshua Marshman, masaƙi wanda ya zama malamin makaranta, da matarsa Hannah. Baduku da masaƙi da mai ɗab'i. Suka zauna gida ɗaya, asusu ɗaya. Wani maƙeri ɗan ƙasar, Panchanan Karmakar, shi ya sassaƙa musu baƙaƙen ƙarfe na harsunan Indiya. Ɗan ƙasar na fari da ya karɓi baptisma a wurinsu, ran 28 ga Disamba, 1800, kafinta ne, Krishna Pal, wanda likita Thomas ya gyara masa gocewar kafaɗa. Shekara bakwai ke nan Carey yana wa'azi kafin ya ga wannan rana.

A 1801 Sabon Alkawali na Bengali ya fito daga injinsu. A shekarar nan gwamnati tana neman wanda zai koya wa samarin Turawa masu mulki harshen Bengali a Kwalejin Fort William da ke Kalkata. Aka duba, ba a sami wanda ya fi badukun nan ba. Ya yi shekara kusan 30 yana koyarwa can, aka ƙara masa Sanskrit da Marathi, ya zama farfesa. Albashinsa mai yawa ne ƙwarai, amma asusun mishan ya ke zuba shi, ya ɗauki ɗan abin da zai ci.

Kada mai karatu ya ce ashe makaranta ba ta da amfani. A kwalejin nan ne Carey ya zauna da manyan malaman ƙasar, ya gane fassararsa ta fari ta yi tauri: kalmomin na Bengali ne, amma jerin maganar na wani harshe ne, mutane ba su jin daɗinta. Wanda ya koya wa kansa karatu ya kan rasa mai gyara masa kuskure. Carey bai yi girman kai ba. Ya koma ɗalibi a gaban waɗannan malamai, ya sake aikin, ya yi ta sake shi har bugu na takwas kafin ya mutu. Shi da abokansa da malaman ƙasar suka fassara dukan Littafi Mai Tsarki cikin harsuna shida, da sassansa cikin wasu kusan 30. Mu da muka sami namu cikakke da Hausa a 1932 mun san abin da harshe ɗaya kaɗai ya ci.

Ran 11 ga Maris, 1812, gobara ta cinye ɗakin ɗab'in. Takardu da baƙaƙe da rubuce-rubucen hannu na shekaru suka ƙone, har da wani babban ƙamus na harsuna da yawa. Suka tsince ƙarfen da ya narke daga cikin toka suka sake zuba baƙaƙe. Labarin gobarar ya sa ekklesiyoyin Ingila suka tara fam fiye da 10,000 cikin wata biyu.

Mutumin da bai taɓa zama ɗalibin kwaleji ba, shi da abokansa suka kafa Kwalejin Serampore a 1818 domin 'yan ƙasar, masu-bi da waɗanda ba masu-bi ba, su koyi Littafi da kimiyya da harsunansu. A 1827 Sarkin Danmak ya ba ta izinin ba da digiri, tana nan kuwa har yau. Ya kuma yi shekaru yana tattara shaida a kan al'adar ƙone gwauruwa da rai tare da gawar mijinta, abin da ya gani da idonsa a 1799. Shi da wasu 'yan ƙasar irin su Ram Mohan Roy suka yi ta kuka har gwamnati ta hana a Disamba 1829. Takardar dokar ta iso masa ran Lahadi domin ya fassara, ya ba wani wa'azin, ya zauna ya gama ta a ranar.

Tsufansa bai rasa ɗaci ba. Bayan tsofaffin abokansa na Ingila sun mutu, sababbin shugabannin ƙungiyar, waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, suka fara tuhumar mutanen Serampore a kan dukiya, har aka rabu a 1827. Bai koma Ingila ko sau ɗaya ba.

Lambun fa? Allah ya mayar masa da shi. A Serampore ya shuka lambu mai eka biyar, yana karɓar iri daga ƙasashe masu nisa. A 1820 ya kafa ƙungiyar inganta noma da lambu ta Indiya, masana itatuwa kuma suka sa wa wani jinsin itace sunansa, Careya. Sa'anda ƙafa ta gaza, a kan kujera a ke kai shi cikin shukokinsa. Yana kwance cikin ciwon ajali ya nuna damuwa kada Marshman ya bar shanu su shiga lambun bayansa, Marshman ya yi masa alkawari za a kiyaye shi. Ya rasu da asuba ran 9 ga Yuni, 1834, yana da shekara 72, aka binne shi a Serampore.